Gawar Ya'u a Hanyar Rumuokoro

Motar ba ta motsa ba tun bayan la'asar, ta maƙale a cunkoson mahaɗar Rumuokoro. Falalu na zaune a baya, hannunsa a kan makarar da aka lulluɓe da tabarma. Yayansa Ya'u ne a ciki, da hantsi ya cika a asibiti. Inna ta yi magana ɗaya a waya daga ƙauye: a rufe shi yau, kada a sa mata ɗa a firji.

Maƙabartar unguwa ta cika tuntuni, gidaje sun kewaye ta. Sabuwar tana bayan gari, ƙarfe shida mai gadi ke kulle ƙofa.

"Malam Abednego, babu wata hanya?" in ji Falalu.

Direban, mutumin Zonkwa, ya share zufa. "Da akwai ta baya, an gina otal a kanta. Ka ga benen can? Tasha ce a da. Aka mai da ita shaguna, motoci suka dawo lodi a titi."

Waya ta yi ƙara. Gimba ne, mai haƙa kabari.

"Kuna ina? Ruwa ya fara tsattsafowa a ramin."

"Rumuokoro."

"Har yanzu?"

Falalu ya sauka. Rabin titin tebura ne: albasa, tattasai, doya. Yawancin masu su 'yan gida ne irinsa, da suka zo neman abinci.

"Jama'a, gawa muka ɗauko. Ya'u mai albasa."

Aka yi salati. Nan take suka hau jan tebura, wata mai kifi ta ɗauke bahonta tana cewa, "Sorry o." Motar ta matsa tsawon mota uku, sai ga tirela a gicciye, ana sauke siminti a ƙofar shagon da ba a bar masa ko taku ɗaya na fili ba.

"Oga, abeg," in ji Falalu, yana roƙon a ba su hanya.

Mai shagon ya buɗe hannuwa, alamar ba shi da inda zai kai tirelar. "Where I go put am? For my head?"

Shida saura kwata Gimba ya sake kira. Mai gadi ya ce ba za su iso kafin shida ba, sai gobe.

Abednego ya waiwayo. "Ɗan'uwa, da zafin nan ba zai kai safe ba. Sai dai mu mai da shi asibiti, a sa shi a firji."

Falalu ya gyara bakin tabarmar inda ta zame.

"To, juya."

Abednego ya dubi madubi. Teburan sun riga sun koma mazauninsu, motoci sun cike bayansu har iyakar gani.

"Ta ina?" ya ce, ya kashe injin.