Jan Layi a Ƙafar Jirgin Viliame

Ranar Alhamis da hantsi Kyaftin Viliame Naulu ya shigo rumfarmu ta gyaran jiragen sama a garin Nadi, sanye da farar rigar da ya ɗinka don bikin ƙanwarsa a tsibirin Lakeba. Ya riga ya loda gwaza da tabarmi a ƙaramin jirginsa. Ni makanike ne a wurin, amma jirgi ba ya tashi sai Asenaca, mai binciken tsagewar ƙarfe, ta sa hannu.

Ta tsuguna a ƙafar jirgin ta hagu, ta wanke ƙarfen, ta shafa masa jan ruwan nan da ke shigewa duk wata tsaga komai ƙanƙantarta.

"Asenaca, ni fa na duba ƙafar nan da idona," in ji Viliame.

"Idon da ya kira surukarka da sunan maƙwabciya? Samu wuri ka zauna, Kyaftin."

Bayan minti ashirin ta goge, ta fesa farar hoda. Sannu a hankali wani siririn jan layi ya bayyana kusa da ƙusa.

"Gashi ne," ya ce. Ya hura, layin bai motsa ba. Ya durƙusa ya murza da yatsa, gefen rigarsa ya tsunduma cikin kwanon jan ruwan. Asenaca ta sake fesa hoda, layin ya dawo.

"Gashin nan akwai taurin kai," ta ce, ta rataya wa jirgin takardar hana tashi.

Ni na kai shi tashar jirgin ruwa a Suva, shi da gwazarsa, yana ta mita har muka isa. Shekara goma sha tara yana tuƙa jirgin sama cikin hadari bai taɓa jin ko tashin zuciya ba, amma, yadda ya ba mu labari daga baya, tun kafin su bar gaɓa ya rungumi bokiti yana amai. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ce ta riƙa dafa masa goshi.

"Ɗana, yau ka fara tafiya ko?"

"E, Inna," ya ce.

Ya isa wurin bikin ana tsakiyar cin abinci, a rame, riga rabi ja. Dangi suka ɗauka faɗa ya yi a hanya.

Da muka kwance ƙafar, tsagar ta ci kusan rabin ƙarfen. Da Viliame ya dawo, ya juya guntun a hannunsa, ya kalli teburin Asenaca. Ran Litinin Asenaca ta tarar da kwandon ƙaguwa a kan teburinta, ba suna, biyu har sun fita suna yawo cikin akwatin kayan aikinta.