Safar Hannun Tanis

Ran Laraba da safe Philomene Sewap ta soya banok, burodin gargajiyarsu, na mutum biyu, ta rufe rabon jikarta Tanis da faranti, alhali ta san yarinyar ba ta kwana a gidan ba. Tun jiya da hantsi Tanis ta bi motar asibiti zuwa gari don a cire mata haƙori. Mota ta dawo da yamma da kowa da kowa, ban da ita. Direba ya ce ya jira, ya danna hon har ya gaji, sai ya ɗauka wani ne ya rage mata hanya. Wayarta kuwa a kashe take.

Duk Tafkin Wapos Kokum ake ce wa Philomene, wato kaka, har waɗanda ba ta haɗa komai da su ba. Ba mace ce mai sanyin jiki ba. Tana da shekara saba'in da ɗaya amma ita ke faskara icenta, ita ke jeme fatar mus, ƙatuwar barewar dajinsu, a bayan gida, kuma bakinta ba ya raga wa kowa. Sai ga shi yau ta zuba tagumi a gaban taga, ba ta kira kowa ba. Jira take kwana uku su cika.

Shekara goma sha shida ke nan da 'yarta Verna, uwar Tanis, ta fita neman aiki a gari ba ta dawo ba. Washegari Philomene ta je caji ofis da hoto a hannu. Ɗan sandan da ta tarar ko kai bai ɗaga ba. Ya ce ba a karɓar cigiyar baligi sai bayan kwana uku, ya ƙara da cewa irin waɗannan 'yan matan, da giya ta sake su suke dawowa gida. Ta koma ranar ta uku, ya rubuta sunan a takarda, ya sa a aljihun tebur. Har yau ba a ga Verna ba, ko takalminta. Babu wata doka ta kwana uku, ba a taɓa yin ta ba, lalacin mutum ɗaya ne ya sa kaki. Amma ba wanda ya taɓa gaya wa Philomene haka, ita kuma ta rantse ba za ta sake tsayawa gaban teburin nan a yi mata kallon banza ba.

A haka Rosalie, matar marigayi ƙanenta, ta turo ƙofa tana kakkaɓe ƙanƙara daga takalmi. Aron allura ta zo, kamar kullum, da labarin waɗanda suka ci cacar bingo. Ta buɗe farantin, ta ga banok ya huce, ta tambayi ina mai shi. Philomene ta gaya mata a taƙaice, ta ce jibi za ta je ta kai cigiya.

"Jibi?" in ji Rosalie. "Yaya, kin yi hankali kuwa? Duk taron da aka yi a zauren gari kina ina?"

"Ina gida ina aikina. Taron gwamnati shayi ne da biskit."

"To shayin nan ya haifi ɗa. Miƙo mini wayar nan."

Rosalie ta yi gaskiya. Shekara da shekaru iyaye mata suna tattaki a titunan birni riƙe da hotunan 'ya'yansu, ana zama, ana sauraron su, ana rubuta littattafai masu kauri. Yawancin alkawuran suna nan kwance a takarda. Amma ɗaya ya tashi ya yi ƙafa: yanzu in 'yar ƙabilun asalin ƙasar, irin tasu, ta ɓace, ana aika cigiyarta nan take zuwa kowace waya a lardin, ba a jiran komai. Philomene ta ji ana zancen, ta watsar da shi inda take watsar da duk maganar da ta fito daga ofis.

Rosalie ta buga waya, ko shayi bai tafasa ba motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa. Wadda ta fito Darlene Merasty ce, 'yar garin, wadda Philomene ta sani tun tana yawo da majina. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta gaishe da tsohuwar da harshensu, ta zauna ƙasa-ƙasa. Da ta ji an kwana, fuskarta ta canza, amma ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi da an kira ta tun jiya da ya fi, yanzu dai a yi sauri.

Sai aka zo kan hoto. Wanda ke bango na makaranta ne, Tanis tana shekara goma sha uku, kumatu cike, gashi har gadon baya. Yanzu tana sha bakwai, ta rame, ta yanke gashin. Rosalie ta laluba wayarta ta samo guda biyu, duka da kunnuwan kare da yaran yanzu ke liƙa wa kansu a hoton waya. Darlene ta ɗauki na bangon, ta ci gaba da cika takarda: tsawo, nauyi, sutura. Baƙar rigar sanyi, baƙin wando.

Philomene ta yi tsaki. Ta ce in baƙar riga za a nema, a kama rabin 'yan matan lardin. A rubuta safar hannu. Ita ta ɗinka mata bara, fatar mus ce da gashin zomo a baki, a bayan kowace akwai fure na duwatsun ado mai ganye biyar, huɗu ja, ɗaya kore. Furen gidansu ne. Wani hunturu jajayen duwatsu suka ƙare wa uwarta a sansanin farauta, ta ƙarasa da kore, tun daga nan matan Sewap ba su sake yin na biyar ɗin ja ba.

Darlene ta ce saƙon gajere ne, an ƙayyade kalmomi, mutanen birni ba za su yarda ba.

"To cire nauyin," in ji Philomene. "Wa zai ɗora ta a sikeli a bakin titi? Namiji yana kallon lambar mota, mace tana kallon ɗinki. Rubuta abin da na ce, 'yata."

Darlene ta fita waje da waya. Ta taga suna ganinta tana kai da komo a cikin ƙanƙara, tururi na fita daga bakinta, tana sara iska da hannu. Ta daɗe. Da ta dawo hancinta ya yi ja, ta ce sun sa.

Sha ɗaya da 'yan mintuna wayar Rosalie ta ɗauki ƙara, wani irin kuka mai tayar da tsigar jiki. Ta Darlene ta amsa daga aljihu. Rosalie ta karanta a fili, daga sunan har koren ganye. Philomene ta ji sunan jikarta ya fito daga bakin gwamnati tun yarinyar ba ta cika kwana biyu da ɓata ba, sai hawaye ya zubo mata. Farin ciki ne da baƙin ciki a haɗe, don a lokacin Verna ta faɗo mata a rai. Darlene ta lura. Ta ce akwai ofishin da ke sake buɗe tsofaffin takardu, in an gama da wannan za ta zo su zauna kan maganar Verna. Tsohuwar ta ce a fara samo mai rai tukuna.

Daga nan sai jira. Gida ya cika da mata, wannan ta kawo miyar kifi, waccan busasshen nama. Maza suka hau baburan ƙanƙara suka bi gefen tafki, ba don suna tsammanin tana can ba, sai don zama ya gagare su. An kira sau biyu, an ga mai baƙar riga, duka ba ita ba ce.

Biyu saura wayar Darlene ta sake yin ƙara. Ta saurara, ta dafa bango, sannan ta miƙa wa Philomene. Muryar wata mata ce, ta ce sunanta Adele Dorion, ita ke da gidan mai na mararrabar kudu, tafiyar awa biyar daga nan. Ta ce ba su san juna ba, amma uwarta 'yar Wapos ce, da takalmi mai furen nan aka ɗaura mata aure.

Wata farar a-kori-kura ce ta tsaya shan mai, in ji Adele. Namiji ne a gaba, gefensa yarinya ta ja hular riga har hanci, ba a ganin fuska. Sai dai ta ɗora hannuwanta biyu a kan gilashin taga, ta bar su a nan. Safar da Adele ta karanta a saƙon ce, ganye huɗu ja, ɗaya kore. Adele ta leƙa ta ce wa mutumin na'urar kati ta waje ta lalace, ya shiga ciki ya biya. Yana shiga mijinta ya tsare shi da surutun tayoyi. Ita kuma ta zagaya ta buɗe ƙofar motar, ta tambayi yarinyar jikar wa ce, ta kama hannunta ta shige da ita kicin ta danna sakata. Mutumin ya fito ya ga wayam, ya ja mota a guje. Hanya ɗaya ce tak a wajen, 'yan sanda sun riga sun tare ta a gaba.

"Ga ta nan tana cin miya," in ji Adele. "Lafiyarta ƙalau, tsoro ne dai. Karɓi."

Philomene ta shirya faɗa tun jiya, faɗa mai tsawo, amma da ta ji numfashin yarinyar sai ta neme shi ta rasa. Tanis ta yi ta ba da haƙuri tana shessheƙa. A waya suka haɗu da mutumin, wata uku suna hira, ya ce ya samo mata aiki a shagon gyaran gashi a birni. Sai da suka yi nisa ya karɓe mata waya, ya kulle ƙofofin mota. Ta ce masa kakarta za ta neme ta. Ya yi dariya.

"Kokum, cewa ya yi irinmu ba a neman mu. Ya ce ko shekara na yi ba wanda zai ɗaga kai. Na yarda da shi, Kokum, wallahi na yarda."

"Sai me ya faru?"

"Sai wayarsa ta kama kuka a aljihunsa. Yana tuƙi, ya ce in ciro in karanta masa. Na karanta masa sunana."