Miyar da Aka Dafa wa Otilia

Dattijo Zenón irinmu ne, mutanen da. Girgizar ƙasa ta rusa masa ɗaki a ka, ya fito yana kakkaɓe wando. Bijimi ya soke shi a cinya, ya ɗaure da igiya ya koma gona. Bai taɓa zama a aji ba, bai taɓa kwana asibiti ba, kuma duk wanda ya zauna a ƙofar shagon abokinsa Fidencio sai ya sha wannan labari. Abu ɗaya ne ya kai shi ƙasa: tun da matarsa Otilia ta rasu, barci ya ƙaurace wa idonsa.

Fidencio ne ya kawo masa ƙwayar barci, cikin waɗanda likita ya rubuta wa surukarsa.

"Ni da ƙwaya?" in ji Zenón. "Ka manta jajayen ƙwayoyin nan na zamaninmu? Matar mai gonar rake ta sha ta kwanta, har yau ba ta tashi ba."

"Waccan ta da ce, tsoho. Wannan ta zamani ce. Rabi za ka sha, kuma ban da giya."

Zenón ya ce rabi ai na surukai ne. Ya fara da guda, ya koma biyu, yana korawa da giyar mezcal, bai kuma gaya wa 'yarsa Herlinda ba.

Sai ga Ranar Matattu, ta farko tun rasuwar Otilia, ranar da za ta zo gida ta shaƙi ƙamshin abincinta. Herlinda ta wuni tana niƙa barkono da 'ya'yan koko, ta dafa talotalo a miyar mole, ta jera burodi da kyandir a kan mayafin teburin da uwar ta yi wa ado da hannunta. Ta zuba furanni tun daga ƙofa don kada baƙuwar ta ɓata hanya.

"Ku tafi maƙabarta ku kwana," in ji Zenón. "Ni zan tarbe ta. Matar da na saba jira ta gama taje kai, yau zan gaza?"

Amma da gidan ya yi tsit, zuciyarsa ta yi nauyi. Ya ce bari ya ɗan runtsa kafin ta iso.

Rana ta yi sama ya farka a gadonsa. Ya leƙa tebur: kwano tas kamar an wanke, ƙasusuwa a zube, burodi rabi. Ya yafa bargonsa ya nufi shago da sauri.

"Kai Fidencio! Matattunku ƙamshi kawai suke shaƙa su tafi. Tawa ci ta yi! Ku zo ku ga yadda ake kewar miji!"

Maƙwabta suka biyo shi har gida. Tsofaffin mata suka tsaya a bakin ƙofa suna addu'a. Ana cikin haka Herlinda ta dawo, idonta ja da rashin barci. Ta dubi teburin, ta dubi ubanta.

"Baba, zo mu shiga ciki."

"Faɗi a nan, 'yata. Me zan ɓoye?"

"Baba, don Allah."

"Na ce faɗi!"

Ta ɗauki ƙashi guda, an gwaguye shi har ɓargo. "Mama ba ta da haƙori ko ɗaya."

Wani ya yi tari. Fidencio ya matso ya ɗaga gefen bargon abokinsa a hankali. Gaban rigar Zenón baƙi ƙirin da miya, har cikin aljihu.

"Guda nawa ka sha, mutumina?"

Zenón ya kau da kai. Idonsa na kan mayafin teburin, inda kyandir ya faɗi ya ƙona furen da Otilia ta ɗinka, ya bar rami kamar tafin hannu. Ya lalubi kansa ko zai tuna cokali, ko ɗanɗano, ko wutar. Babu komai. Otilia ta taho daga nesa, sau ɗaya a shekara, ta tarar da shi yana lashe mata kwano ido rufe.

Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi masa sauƙi.

"Akwai saura a gindin tukunya," in ji Herlinda. "Matattu ba su tafiya sai an kaɗa ƙararrawar coci."

Ya ciro kwalbar ƙwayar ya danƙa wa Fidencio. "Mayar wa surukarka."

Da kansa ya kankare tukunyar. Herlinda ta miƙo masa riga wankakkiya, ya girgiza kai. Haka ya bi tsakiyar gari da miya a ƙirji, kwano a hannu biyu, ya wuce ƙofar shagon bai ɗaga ido ba. A bakin kabarin matarsa ya ajiye kwanon ya cire hula.

"Otilia," ya ce, "ɗan wannan ne ya rage."