Hujjar Mai Aski

Mai aski yana tsakiyar gyara wa Malam gemu ɗaliban suka shigo, suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Tunda ciwo ya kwantar da tsohon malamin, ajinsa ya dawo gefen gadonsa. Dokarsa ba ta canza ba: ba za ka mayar wa mutum martani ba sai ka faɗi ra'ayinsa da bakinka, har ya yarda abin da yake nufi ke nan.

Wata siririyar yarinya ta ce hujjar Malam ba ta da ƙafa. Malam, wanda ko kofi ba ya iya ɗagawa, ya yunƙura ya zauna, idonsa na ƙyalli.

Mai aski ya ji haushin abin. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsa da Malam. Shi ke juya shi a gado, shi ke kai shi bayi. Amma duk abin da ya faɗa, sai Malam ya ce haka ne, maƙwabci. Da gangan ya taɓa cewa kifi ba ya barci, nan ma haka ne. 'Yan yaran da ko gemu ba su fara ba su ake ja da su.

Da suka watse, ya ninke tawul da ƙarfi.

"Wanda bai gama makaranta ba ai ba a musu da shi, Malam. Lallaɓa shi ake, kamar ƙaramin yaro."

Malam ya kalle shi.

"Ban yarda ba," ya ce. "Gobe ka zo da hujja. Amma nawa ra'ayin za ka fara faɗa."

Ranar mai aski ya kusa kwashe wa wani girar ido. Yana aski yana magana shi kaɗai, ya zama Malam ya kayar da kansa, ya dawo ya rama. Matarsa ta tambaye shi ko shari'a gare shi.

Da safe ya sa riga mai guga ya zagaya gidan Malam. Takalma ya tarar birjik a ƙofar, ɗan Malam ya riƙe masa hannu.

Bayan an dawo daga maƙabarta ya shiga ɗakin. An naɗe katifar. Ya ja kujera gaban gadon ya zauna, hannuwansa a kan gwiwa, leɓɓansa na motsi a hankali. Ra'ayin Malam ya fara faɗa.