Inda Hannunki Ya Tsaya

...a'a, ta ƙasa ake zura tsinken. Ta ƙasa, a naɗo zare, a jawo. Haka yarinyar nan mai koyar da saƙa a waya ta ce, ita da hannunta kamar ba ƙashi. Ni mai walda, yatsun da suka tsufa a kan ƙarfe — wai yau ni ne da ulu a cinya, a kujerarki, bakin taga. Dariya kike, ko? Yi abinki, Tsohuwa.

Rabin rigar sanyi kika bar min. Ta jikan da Auta za ta haifa, wanda ba ki tsaya kin gani ba. Bayan rigar kin gama, gaban ya tsaya a tsakiya, tsinken a soke cikin dunƙulen zare kamar kin tashi duba tukunya ne... Na ce zan ƙarasa. Auta ta ce, "Baba, a sayo a kasuwa mana." A sayo! Ji min yarinya.

Ga inda hannunki ya tsaya, ga inda nawa ya fara, da shafawa ma a gane. Naki laushi, sakwa-sakwa. Nawa kuwa ƙam, sai ka ce waldar ƙofa. "Sassauta, Malam, zare ba ƙarfe ba ne" — haka kika ce ranar da na riƙe miki ulu kina dunƙulewa, ina mitar shayina na hucewa. Ina sassautawa. Wallahi ina ƙoƙari.

Amma ramin nan...

Can ƙasa, cikin layukanki. Ƙulli ɗaya ya kuɓuce miki, ya bar rami. Yarinyar waya ta ce sai a warware har inda kuskuren yake, in ba haka ba ramin zai yi ta ci. Warwarewa? Nawa layukan a warware su, ko a jikina. Amma kafin in kai ramin sai na bi ta kan naki. In ja zaren nan, aikin ƙarshe da yatsunki suka yi ya koma zare kawai?

Auta ta kawo dabara: allura mai ƙaya, da soso, da ulun da ba a murza ba. Wai a ɗora a kan ramin a yi ta caccaka har ya kama, ya zama ɗan fure. Na gwada a kan soso, na caki babban yatsa — wash! Abin da ya fito ko akuya ba za ta ce fure ba ne.

Ke da ba kya sakin ƙulli. Kina saƙa, kina kallon labarai, kina min faɗan takalmi a falo, ko duban hannu ba kya yi. Ta yaya ya kuɓuce miki?

Kofin da ya faɗi daga hannunki a kicin... "Santsi ne, Malam." Maɓallin rigar da kika ce in saka miki, har na ce yau kuma shagwaɓa ce ta motsa? Hannun ne. Ashe tun a layin nan hannun ya fara ƙi. Kika ga ramin, kika ci gaba da saƙa a kansa, kika ɓoye min — kina sauri, don ki gama wa yaron. Kai, Tsohuwa. Ina kewarki.

Haihuwar Auta yau ko gobe. Ga allura, ga ulu, ga bakin zare. In rufe? In warware? Yatsana na kan ramin, kuma ya ƙi ɗagawa... Bari dai. Bari in ɗan ƙara taɓa shi.