Kwalba Ta Huɗu

Uwar Kwalabe, mai kula da kayan ɗakin bincike, na cikin wanke bututun gwaji ta ji Farfesa ya taso wa ɗalibarsa. Shekara biyu yarinyar tana zuba maganin sa barci na tiyata a kan wani sinadarin furotin na ƙwayoyin garkuwar jiki, don a ga ko yana manne masa. In ya manne, layin da na'ura ke zanawa sai ya yi sama. Nata kullum a kwance yake.

"Hannunki ne bai iya ba," in ji Farfesa. "Na san yana mannewa. In ban ga sakamako ba a makon nan, ki nemi wani malamin."

Abin ya yi wa Uwar Kwalabe zafi, don ta san yarinyar ba ta wasa. Ta goge hannu a farar rigarta.

"Ranka ya daɗe, da ka gwada mana da hannunka. Yaran yanzu sai sun gani."

Farfesa dai ba ya ƙin a zuga shi. Nan take ya naɗe hannun riga.

Ta kawo kwalabe biyar, ta ɓare sunayensu, ta manna lambobi.

"Wannan kuma fa?"

"Ƙa'idarka ce, ranka ya daɗe. Kai ka koya mini: kada mai aunawa ya san abin da ke ciki."

Ta ɗaya, layi a kwance. Ta biyu da ta uku haka. A ta huɗu ya ɗan motsa. Farfesa ya yi ta ƙara girman hoton har ya koma kamar tozon bijimi, ya aika a kira likitocin ofishin kusa.

"Kun gani? Minti arba'in kacal. Uwar Kwalabe, wane maganin ne a ta huɗu?"

Ta zaro takarda daga aljihu, ta laluba tabarau ba gaggawa.

"Ruwan gishiri ne, ranka ya daɗe. Maganin na cikin sauran."

Wani likita ya kama tarin ƙarya.

Farfesa ya gyara murya, ya juya ga baƙin.

"Abin da na kira ku ku gani ke nan. Ɗalibata ta gano maganin ba ya mannewa. Babban bincike ne. Tun farko na ce mata ta dage."

Yarinyar ta buɗe baki za ta yi magana. Uwar Kwalabe ta taka mata ƙafa.