Ta'aziyya a Ƙarshen Tsohon Layi

Shekara talatin da ɗaya Malam Ɗanasabe ya yi yana aikin reluwe a Funtua, tun yana lebura mai saɓa diga har ya zama heluma, shugaban leburori. Layin da ya fi sani shi ne wani ɗan reshe da ya taso daga tasha, ya bi ta bayan ƙauyensu, Rafin Kanya, ya je ya tsaya a wata tsohuwar ma'ajiyar auduga. Da jirgi ya daina zuwa, sai aka kwashe ƙarafunan, ciyawa ta cinye wurin. Daga baya mutanen ƙauyuka huɗu suka yi gayya suka nome shi, suka zuba marmara, suka kakkafa turakan ƙarfe a bakinsa don kada mota ta shiga. Da yake tudu ne, ruwa ba ya kwanciya a kansa ko a tsakiyar damina. Masu keke da masu tafiya a ƙasa suka mai da shi hanyarsu, ana ce masa Tsohon Layi.

Ta nan Ɗanasabe yake bi kullum a kan baƙin kekensa mai sanda biyu, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gonar masara. Likita ya ce hawan jini ne. Ya yi kwana tara a asibiti ba ya magana, da aka sallame shi kuma ya dawo gida da ɓarin hagu a shanye, baki ya ɗan karkace.

Likita ya gargaɗe shi da babbar murya cewa kwanciya ba za ta tashe shi ba, sai ya riƙa takawa kowace safiya. Aka sassaƙo masa sanda. Ya gwada sau biyu a tsakar gida, sau biyun yana zubewa. Matarsa Barakatu ce ta dubi keken da ke jingine a bakin rumbu ta ce, "Malam, ga abin da hannunka ya saba da shi. Ba hawa za ka yi ba, turawa za ka yi, shi kuma ya riƙe ka."

Ita ta ɗora masa hannun hagun a kan keken, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Hannun dama na kan birki. Ranar farko ya kai bakin turakan ƙarfe, taku bai fi arba'in ba daga ƙofar gida, ya dawo rigarsa sharkaf da gumi.

Bai fasa ba. Da an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, sai ya fita, ƙafar hagu tana jan ƙasa, keken yana ƙara a hankali. Masara ta kai kan mutum a hagu da dama, auduga ta fara fure. Malaman firamare su wuce shi a kan kekuna, mata masu itace su ratse masa, kowa da abin da zai ce: "Heluma, jiki ya yi kyau!" Shi kuwa sai ya gyaɗa kai, don magana da tafiya ba sa haɗuwa masa. Kwalbati uku ne a gabas da ƙauyen, dukansu ya sha yashe su da hannunsa a zamanin aiki. Sai da ya yi mako uku kafin ya kai na farko. Ya zauna a kan simintinsa yana haki, yana kallon gaba.

Barakatu ba ta rasa lura ba. Wata safiya tana gyara masa yatsun ta ce, "Na ga kullum gabas kake nufa. Wajen Funtua ya fi mutane, in ka faɗi a ga mai tashe ka."

"Gabas nake da buƙata."

Ta rage murya. "Wajen Buba ne?"

Ya tura kekensa ya fita, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Buba Bafulatani ne, rugarsu tana bayan kwalbati na uku tun kafin a haifi su biyun. Tare suka yi wanka a rafi, tare suka yi karatun allo. Ranar da aka raɗa wa ɗan farin Buba suna Mahadi, Ɗanasabe ne ya riƙe ragon. Sai shekarun tashin hankali suka zo, ana ɗauke mutane a gonaki, kowa ya koma zargin kowa. Shekara huɗu ke nan, wata ranar kasuwa, Mahadi ya kawo tunkiya sayarwa, lokacin yana magidanci mai mata da 'ya'ya biyu. Wani ya nuna shi ya ce ya taɓa ganinsa cikin 'yan bindiga. Ba wanda ya tsaya bincike. Aka rufe shi da sanduna, kafin la'asar ya cika.

Ɗanasabe yana kasuwar. Ya hango taron, ya ga fuskar wanda ake duka, ya kuma san ƙarya aka yi masa. Ya buɗe baki, sai ya dubi idanun samarin da ke dukan, ya ja kekensa ya bi ta bayan rumfunan hatsi ya tafi gida. Ta'aziyya ma bai je ba, don a lokacin duk wanda aka gani ya nufi ruga cewa ake shi ke kai wa mutanen daji rahoto. Ya ce bari ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, kunya ta hana shi. A kwana taran nan da ya yi a gadon asibiti harshe a ɗaure, ba gona ce ta tsaya masa a rai ba, ba kuma 'ya'yansa ba. Tunaninsa ɗaya: idan ya mutu a haka, da wane ido zai tashi?

Ya kai kwalbati na biyu a ƙarshen watan Agusta. Na uku ya fi nisa, ga ɗan hawa kafin a kai. Sau huɗu yana juyowa daga gindin hawan.

Ranar da ya haye shi, an kwana ana ruwa. Ya wuce kwalbatin, har ya hango kan bukkoki ta saman dawa. Ko murna ce ta sa ya ƙara sauri, ko santsi ne kawai, tayar gaba ta zame gefen tudun, ya matse birki bai ci ba. Shi da keken suka gangara cikin kunyoyin wata gonar auduga, keken ya danne masa ƙafar da ke da lafiya. Ya yi ta yunƙuri, hannu ɗaya bai isa ba. Ya kwanta rigingine cikin laka, yana jin sanyi na shiga bayansa, yana kallon gajimare. Wannan sashen na Layi ba a cika bi ba tun bayan abin da ya faru.

Ya daɗe a haka kafin ya ji takun mutum. Wata mace ce ɗauke da ƙwaryar nono. Ta tsaya a kan tudun ta leƙo, suka haɗa ido. Mairo ce, matar marigayi Mahadi.

Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta gangaro, ta ɗage masa keken ta jingine shi. Ba ta gaishe shi ba. Ta ce, "Baba, kada ka motsa. Bari in kira Baffa." Ta juya da sauri, ta bar nononta a kan hanya.

Da Buba ya iso, Ɗanasabe bai gane shi nan take ba. Ya rame, gemu ya yi fari fat, sandar da a da yake saɓawa a kafaɗa yanzu dogara ta yake. Ya sauko, ya sa hannu ta hamatar Ɗanasabe, shi da Mairo suka jawo shi kan tudu suka zaunar. Buba ya duba ƙafar, ya lanƙwasa ta, ya miƙe ta.

"Ba karaya. Me ya fito da kai har nan, da wannan jikin?"

Kalmomin Ɗanasabe suka fito a karkace. "Ta'aziyya na zo."

Buba ya dube shi ya ce, "Ba a yin ta'aziyya a kan hanya."

Ya ɗago keken, ya kakkaɓe laka, suka ɗora Ɗanasabe a kan kariya, mazaunin kaya na bayan keken. Buba ya riƙe kan keken yana turawa, tsoho yana tura tsoho. Rugar da Ɗanasabe ya sani da bukka goma sha biyu, uku suka rage. Shanun ba su kai goma ba. Buba ya shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa, ya jira.

Ɗanasabe ya gyara zama iyakar yadda jiki ya bari.

"Malam Buba, ya haƙuri?"

"Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙan Mahadi. Allah ya yi masa rahama, ya sa ya huta. Allah ya raya abin da ya bari."

"Amin. Amin."

Suka ɗaga hannu, Ɗanasabe hannu ɗaya, suka karanta Fatiha suka shafa. A nan ya kamata a tsaya, amma Ɗanasabe ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina kasuwar ranar. Na gan shi. Ban ce komai ba."

"Na sani," in ji Buba. "Waɗanda suka kawo gawarsa sun faɗa mini wa da wa ke wurin."

Hawaye ya zubo wa Ɗanasabe ta idon da ba ya rufuwa sosai, bai share ba.

Buba ya ci gaba, muryarsa ba ta tashi ba. "Da ka yi magana, wataƙila gawa biyu za a ɗauka. Wannan ban riƙe ka da shi ba, na san tsoro. Amma kwana uku na zauna a nan, a gindin itacen nan, fuskata tana kallon Layi. Duk keken da ya ɓullo sai in ce kai ne. Ranar bakwai na sake zama. Ranar arba'in ban fito ba."

"Ka yafe mini, Buba."

Wata saniya ta yi kuka a bayan bukka. Buba ya tsinci wani kara yana karyawa gutsi-gutsi.

"Na yafe maka, don ni ma ina neman a yafe mini. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce ya fita daga raina ba."

"Ban nemi wannan ba."

Mairo ta kawo ruwa a kwano ta ajiye, ta juya. Ɗanasabe ya kira ta, ya yi mata nata haƙurin, ya ce ita ma ta yafe masa. Ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Allah ya ba ka lafiya, Baba," ta ce, ta shige bukka. Bai sake roƙonta ba, ya san iyakar abin da za ta iya ba shi ke nan.

Da rana ta ɗaga, Buba ya sake ɗora shi a kariya ya turo shi. Sun haɗu da mutane a hanya. Wasu suka gaisa, wasu suka kau da kai suka ƙara wa fedar kekensu ƙarfi. A bakin turakan ƙarfe Buba ya tsaya cak, ya sauke shi, ya ɗora masa hannuwa a kan keken.

"Shigo mana ka sha ruwa."

"Nan ne iyakata," in ji Buba. Ya juya.

Barakatu ta ga laka a jikin mijinta tun daga ƙeya har dunduniya. Ta ɗora ruwa a wuta, sai da ta gama gasa masa ƙafar sannan ta ce, "Ya karɓe ka?"

"Ya shimfiɗa mini tabarma."

Kwana biyar bai iya fita ba. A rana ta shida da ya kai kwalbati na biyu, sai ya tarar da Buba zaune a kan simintin, sanda a tsakanin ƙafafu. Daga nan abin ya zama kusan kullum. Su zauna kaɗan, su taka kaɗan, Buba a ɓangaren hagu inda tudun ya fi gangara. Hirar ba ta da yawa: farashin taki, ciwon gwiwa, wane ya rasu. Sunan Mahadi bai sake fitowa ba. A ƙauye akwai waɗanda suka daina amsa sallamar Ɗanasabe, har wani ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce ya yi hattara. Ya ce ya ji.

Ana cikin karyar masara Buba ya gaya masa za su tashi. Ƙanensa da ke kudancin Kaduna ya samo musu wurin zama, yaran Mahadi kuma sun isa makaranta, a nan ba mai yarda ya tura su.

"A nan aka binne mahaifinka," in ji Ɗanasabe.

"Da ɗana. Amma matattu ba su ne masu neman abinci ba."

Ɗanasabe ya so ya ce zai yi wa mutane magana, zai je wurin mai gari. Ya duba ya ga ya makara da shekara huɗu.

Sun tashi wata Laraba, bayan an gama tsinkar auduga. Ɗanasabe ya fita da wuri, ya kai har rugar da ƙafarsa, bai faɗi ba. Ya tarar an riga an kora shanun gaba, ana ɗaure sauran kaya. Suka yi musabaha, Buba ya riƙe masa hannun ya ɗan daɗe, ya ce ya riƙa shan maganinsa. Mairo ta sa yaran suka durƙusa suka gaishe shi. Ya tsaya dafe da keken har suka shige cikin karan dawa.

Hannun hagun bai dawo ba, bai kuma sake hawa keke ba, amma ƙafar ta yi ƙarfi har yana zuwa sallar Juma'a da kansa. Sau ɗaya Buba ya kira shi ta wayar wani, ya ce sun sauka lafiya, wurin akwai ruwa. Da damina ta zagayo, wani mutumin Rafin Kanya ya share inda rugar take ya shuka waken soya. Waken ya yi kyau ƙwarai.